Yadda ake haɗa littafin wasan dayis da labari, daga daftari zuwa kanti

A 1974, a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva da ke jihar Wisconsin ta Amurka, kamfanin TSR ya buga kwafi 1,000 na Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙiro. Ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali, kuma da hannu aka riƙa jera su a gida. Yau wannan sana'a tana da kamfanoni irin su Wizards of the Coast da Paizo da Chaosium a Amurka, da Free League a Suwidin, sai ɗaruruwan ƙanana da ba su wuce mutum biyu ko uku ba.

Ga wanda bai taɓa ganin ana yi ba, mutum huɗu ko biyar ne suke zagaye tebur. Ɗaya ya riƙe ragamar labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki tauraronsa yana faɗin abin da zai aikata. Idan aka zo inda ba a san ko abin zai yiwu ba, sai a jefa dayis, irin na lido ko mai fuska ashirin, a duba abin da littafi ya ce. To marubucin littafin ba ya wurin. Ba wanda zai buga masa waya da tsakar dare ya ce ya fayyace doka. Kusan duk wahalar da ake sha a cikin kamfani, ana shan ta ne don kada mutanen nan biyar su buƙace shi.

Fara da ƙirgen shafuka da kuɗi

Sabon shiga yakan fara da labari, ƙwararre kuwa da lissafi yake farawa. Madaba'a ba ta buga shafi ɗai-ɗai. Babban falle take bugawa, a naɗe shi, a yanke, ya ba da shafi 16 ko 32. Shi ya sa za ka ga littattafan nan suna zuwa da shafi 128, 256 ko 320. In rubutunka ya kai 259, ko dai ka datse uku, ko ka nemo abin da zai cike goma sha uku ka biya kuɗinsu.

Daga yawan shafuka ake fitar da komai. A ware na zane, da na jadawali, da na taswira, da fihirisa, abin da ya rage shi ne rabon rubutu, a kasa shi babi-babi da adadin kalmomi.

Sai farashi. Ɗauki misalin littafin da za a sayar dala 50 a kanti. Mai kanti yana da kasonsa, dillalin da ya kai masa yana da nasa, abin da ke komawa ga kamfani yawanci bai wuce dala 20 ba. A cikin ashirin ɗin nan za a biya madaba'a, da jirgin ruwa, da sito, da marubuta, da masu zane, da albashi. Idan lissafin bai fita a takarda ba, ba zai fita a kasuwa ba.

Ranar fitowa ma daga baya ake ƙirgo ta. Kamfanoni da yawa suna son sabon littafinsu ya riski Gen Con, babban taron 'yan wasa da aka fara a 1968, wanda ake yi a birnin Indianapolis wajajen watan Agusta. Ka sa wannan rana a gaba, ka cire watannin jigila, ka cire na bugu, ka cire na tsara shafuka. Za ka tarar rubutun ya kamata ya kammala tun kusan shekara guda kafin nan. Tun ran gini ran zane.

Ka san dokokin wa kake hawa

Ko ka ƙirƙiri naka tsarin dokoki, ko ka hau na wani da lasisi. A 2000 Wizards of the Coast ta fitar da lasisin da ake kira OGL, wanda ya ba kowa damar gina wasa a kan ginshiƙin dokokin Dungeons & Dragons, wasan da ya dawo hannunta bayan ta sayi TSR. A kansa Paizo ta gina wasanta Pathfinder a 2009. A watan Janairun 2023 labari ya fita cewa Wizards za ta sauya lasisin, hankalin ƙananan kamfanoni ya tashi, masu saye suka yi ca, har ta janye ta sa ginshiƙin dokokin bugu na biyar na wasan a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke ba kowa damar amfani da su. Wanda ya ɗora abincinsa a kan lasisin wani, ya ba lauya ya karanta masa tun kafin a rubuta kalma ɗaya.

Sunaye ma haka. A 1977 kamfanin da ke riƙe da haƙƙin kasuwancin ayyukan Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, ya taso wa TSR, dole ta cire kalmar hobbit, sunan wasu gajerun mutane a labaransa, ta maye gurbinta da halfling.

Raba rubutu

Babban littafi ba mutum ɗaya ke rubuta shi ba. A cikin kamfani akwai wanda za mu kira mai rainon littafi. Shi ke rubuta tsarin aikin, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya miƙa wa marubuta 'yan jinga waɗanda ake biya bisa yawan kalmomi. Kowa za a ba shi wa'adi, da adadin kalmomi, da kundin salon gida: wace kalma ake farawa da babban baƙi, yaya ake rubuta awo, da wane suna ake kiran kowace doka. In rubutun ya dawo, mai raino ya zauna ya daidaita muryoyi goma su zama ɗaya, ya gano inda marubucin babi na uku ya kashe sarkin da marubucin babi na bakwai ya aurar. Sunansa ba kasafai yake hawa bango ba, alhali shi ne mutum ɗaya tak da ya san littafin daga farko har ƙarshe.

Lissafin dayis da gwaji

Nan ne wasa yake rayuwa ko ya mutu, don haka a daɗe a nan.

Da farko ka san halin dayis ɗin da ka zaɓa. Mai fuska ashirin ba ya son kai, kowace lamba tana da kashi 5 cikin ɗari. In ka ƙara wa ɗan wasa maki ɗaya, kashi 5 ka ƙara masa, shi ke nan. Dayis biyu masu fuska shida kuwa wani hali gare su. Hanyoyi 36 suke iya faɗuwa, shida daga ciki suna ba da 7, amma 2 da 12 hanya ɗai-ɗai gare su. Wanda ke neman 7 zuwa sama yana da hanyoyi 21, wato kusan kashi 58. Ka ƙara masa maki ɗaya, ya koma 26, kusan kashi 72. Kyauta iri ɗaya ce a ido, amma nauyinta ya kusa ninki uku. Mai tsara wasan da bai zauna ya yi wannan lissafi ba zai raba takubba da layu yadda ya ga dama, daga baya ya rasa dalilin da ya sa dodonsa ke faɗuwa a sara ɗaya.

Bayan lissafi sai tebur, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Gwajin farko a cikin gida ake yi, mai tsara wasan yana jan ragama da kansa. Yana da amfani, amma yana ruɗi, saboda duk inda rubutu ya gaza bakinsa zai cike gurbin bai ma sani ba. Gwaji na gaske shi ne ka miƙa daftarin ga mutanen da ba su san ka ba, ka koma gefe da biro da takarda, ka kama bakinka. Za su fahimci wata doka a karkace. Za ka ji kamar ka yi tsalle ka gyara musu. Kada ka yi. Rubuta shafin, rubuta yadda suka fahimta, rubuta minti nawa suka ɓata suna laluben abu. In tebur uku suka yi kuskure iri ɗaya, laifin na jimlarka ne.

Ka kuma lura da abin da ba su faɗa ba: wa ya ɗauki waya ya fara latsawa, a wane lokaci, wace dabara ce kowa ya zaɓa, wace ce ba wanda ya taɓa. A ganina, abin da ɗan gwaji ya ce yana damunsa kusan kullum gaskiya ne, amma maganin da yake kawowa sau da yawa gyaran gangar Auzinawa ne. Karɓi ƙorafin, ka nemo maganin da kanka.

Manyan kamfanoni sukan buɗe gwajin ga duniya. Paizo ta yi haka da Pathfinder a 2008. Wizards ta fara nata a 2012 kafin bugu na biyar na Dungeons & Dragons ya fito a 2014, ta kuma ce mutum sama da 175,000 ne suka shiga. Ƙaramin kamfani ba ya buƙatar wannan taro. Tebur goma na baƙi masu faɗin gaskiya sun fi abokai ɗari masu jin nauyinka.

Tacewa

Edita a wannan sana'a yana bin kalma kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. In doka ta ce "kana iya" a shafi 40, ta ce "dole ka" a shafi 112, an haifi gardamar da za ta cinye wa wasu dare guda. Kalma ɗaya, ma'ana ɗaya, daga bango zuwa bango.

Idan littafin ya taɓa al'ada ko tarihin wasu mutane, a nemo ɗan cikinsu ya karanta, a biya shi, kuma tun rubutun yana ɗanye. A 2022 Wizards ta nemi afuwa kan yadda ta siffanta wata ƙabilar ƙirƙira mai suna Hadozee a cikin littafinta Spelljammer, saboda siffar ta yi kama da tsohon cin fuskar da ake yi wa baƙar fata. Ta gyara rubutun, ta kuma ce daga nan masu duba al'adu na waje za su riƙa bin littattafanta kafin bugu.

Zane

Zane yakan lashe kaso mai tsoka na kuɗin littafi, kuma ana ba da shi ne tun rubutu bai gama bushewa ba. Daraktan zane ya rubuta wa kowane mai zane takardar oda: girman hoton, rubu'in shafi ne ko cikakke, wa ke ciki, me yake riƙe da shi, ina haske yake fitowa. Mai zane ya turo zayyanar fensir, a amince, sannan ya zuba launi. Gyara a matakin fensir arha ne, bayan launi kuwa rigima ce. Yarjejeniya ta fayyace wa ya mallaki hoton. Tun 2023 an ƙara wani sharaɗi: Paizo ta haramta zanen ƙirƙirarriyar basira a littattafanta, Wizards ma ta bi sahu bayan masu karatu sun gano irinsa a wani littafinta na wannan shekara.

Tsara shafuka

Mai tsarawa ya zuba rubutu da hotuna a manhaja irin InDesign ko Affinity Publisher. Burinsa mai jan ragama ya buɗe littafi a tsakiyar faɗa ya ga abin da yake nema a shafuka biyun da ke gabansa. Kada bayanin dodo ya fara a ƙasan wannan shafi ya ƙare a bayan wancan. Launuka a mayar da su tsarin tawada huɗu na madaba'a, hoton da zai kai bakin takarda a bar masa rarar milimita uku don wuƙar yanka.

Akwai wani abin kunya da ya zama abin dariya a sana'ar. Marubuta sukan sa "duba shafi na XX" kafin a san lambar shafin, da niyyar a cike daga baya, kuma an sha buga littafi da XX ɗin a ciki. Kafin fayil ya tafi, a sa kwamfuta ta nemo kowane XX. Fihirisa ita ce ta ƙarshe, lokacin kowa ya gaji, shi ya sa take yawan fitowa a gurguje. Ni kuwa da a ba ni littafin dokoki marar fihirisa gara a rage masa hotuna goma.

Dabarar da ƙananan kamfanoni suka kama ita ce su fara sakin PDF ga waɗanda suka riga suka biya, su ba su mako biyu ko uku. Idanu dubu za su tsinto abin da edita biyu suka tsallake, a gyara, sannan a tura madaba'a.

Bugu da jigila

Madaba'a za ta turo samfuri. A duba launi, a duba jerin shafuka, a sa hannu. Bayan wannan sa hannu duk kuskuren da ya rage naka ne. Da yawa a Sin suke bugawa, don haka a sa hutun sabuwar shekarar ƙasar a lissafi, masana'antu sukan rufe na makonni. Sai kwantena, sai teku, sai kwastan, sai sito.

Kuɗin bugu yanzu sau da yawa ta karo-karo ake tara shi a dandalin intanet na Kickstarter, wadda ke cire kashi 5 cikin ɗari ban da ladan masu sarrafa katin banki. A 2021 kamfanin Magpie Games ya tara kusan dala miliyan 9.5 don wasansa Avatar Legends. Amma tara kuɗi daban, sauke alkawari daban. Chaosium ta tara sama da dala 500,000 a 2013 don bugu na bakwai na wasanta Call of Cthulhu, kuɗin aika kaya, musamman zuwa ƙasashen waje, ya zarce abin da aka ƙiyasta, aikin ya tsaya. Sai da Greg Stafford, wanda ya kafa kamfanin, da Sandy Petersen, wanda ya tsara wasan, suka dawo a 2015 kafin littattafan su isa hannun masu su. Littafi mai bango mai tauri nauyi gare shi. A auna shi a sikeli, a tambayi kuɗin aika shi kowace nahiya, kafin a yi wa kowa alkawari.

Yawan kwafi ma tarko ne. A ƙarshen 1996 kamfanin Random House, dillalin da ke kai littattafan TSR kantuna, ya dawo mata da tarin waɗanda ba su sayu ba, ta kasa biyan madaba'arta, a 1997 Wizards of the Coast ta saye ta. Wanda ba shi da tabbacin kasuwa ya buga kaɗan, ko ya sa littafin a kantin intanet na DriveThruRPG, inda ake sayar da PDF, a kuma buga kwafi sai an yi oda.

Bayan ya fita

A makon farko wasiƙu za su fara shigowa: jadawalin shafi kaza ya saɓa wa rubutun da ke ƙarƙashinsa, wata dabara in aka haɗa ta da wata tana sa tauraro ya gagari kowa. A buɗe fayil guda, a riƙa tara su da lambar shafi. Waɗanda suka tabbata a fitar da su a takardar gyare-gyare kyauta a intanet, a sabunta PDF, a ajiye sauran don bugu na biyu. Duk gyaran da za a yi kuma a yi shi cikin tsawon layukan da ke wurin, domin in sakin layi ɗaya ya tsallaka zuwa shafi na gaba, lambobin fihirisa da duk wani "duba shafi na kaza" sai an sake bin su ɗaya bayan ɗaya.