Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓa wa mota aji a tseren otokuros

A Amurka, da zarar sanyi ya ja baya, kusan kowane ƙarshen mako za ka tarar da wani makeken filin ajiye motoci ko tsohon filin jirgin sama an jera masa robobin nan masu tsini ruwan lemo, an fitar da hanya mai kwana-kwana. Kowa shi kaɗai yake gudunsa, da agogo yake takara. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti guda ba, kuma duk robar da ka kayar za a ƙara maka daƙiƙa 2. Wannan shi ne otokuros, wanda SCCA, ƙungiyar tseren motoci ta Amurka da aka kafa a 1944, take kira Solo. Motar da kake zuwa aiki da ita ma ta isa ka shiga. Inda sabon shiga ke fara tuntuɓe shi ne wurin rajista, sa'ad da aka tambaye shi ajin motarsa.

Tsarin kamar matakala yake. A ƙasa akwai rukunin Street, na motocin da suke kusan yadda kamfani ya ƙera su. Daga nan sai Street Touring, sai Street Prepared, sai Street Modified, sannan Prepared da Modified, inda ake samun motocin da ba su da sauran alaƙa da titin gari. Kowane rukuni kuma an raba shi azuzuwa gwargwadon ƙarfin motoci. Duk mataki ɗaya da ka hau, an ƙara maka 'yancin taɓa mota, an kuma haɗa ka da mutanen da suka yi amfani da wannan 'yancin har ƙarshensa.

Uwar kurakuran ita ce sayen kaya kafin karanta doka. Mutum ya sayi mota, ya sa mata gajeren sifirin don ta kwanta, ya canza bututun shaƙar iska, ya kai an sake tsara ƙwaƙwalwar injin, sai daga baya ya zo yana tambayar inda zai shiga. Littafin dokokin Solo yana tafiya ne a kan ƙa'ida guda: duk abin da ba a rubuta cewa an yarda da shi ba, to ba a yarda ba. Da yawa suna karanta shi a juye, su yi ta neman inda aka hana abu, in ba su gani ba su ɗauka ya halatta. A Street abin da aka yarje maka kaɗan ne. Kana iya canza shokozoba amma sifirin ya zauna na kamfani. Kana iya canza sandar sitabalaiza guda ɗaya, ta gaba ko ta baya, ba duka biyun ba. Kana iya canza filtar iska a cikin gidanta na asali, da takalmin birki, da salansa daga bayan katalis, abin nan da makanikai a gida ke kira indomi. Ƙwaƙwalwar injin kuwa ba a taɓa ta. Gyaran wannan kuskure shi ne a juya tsarin: ka fara zaɓar ajin da aljihunka zai iya ɗauka, sannan ka sayi abin da ajin ya yarda da shi kaɗai.

Ni kaina a nan na faɗa, ko da yake ban ɗaura ko noti ɗaya da hannuna ba. Na sayi Mazda Miata ƙirar 1999 ta hannu, na rubuta kaina a E Street, wato ajin E na rukunin Street, inda ire-irenta suke. Ina cikin cire tabarmar ƙafa da tarkacen but, sai wani dattijo da motarsa ke kusa da tawa ya tsaya yana kallon tazarar da ke tsakanin tayata da jikin mota. Ya durƙusa, ya haska tocila a bayan tayar gaba, ya kira ni. Sifirin ɗin ja ne wur, ga sunan wani kamfani a jikinsa. Ya ce, "Abokina, wanda ya sayar maka ya rage mata tsawo. Yau ka rubuta Street Touring, ka yi tuƙinka hankali kwance, in ka koma gida ka yanke shawara." Na ji nauyi ƙwarai, domin da ya yi shiru da na yi takara da mutane a kan abin da ba gaskiya ba. Na nemo sifirin na asali na mayar, kuma kuɗin bai kai ko kusa da abin da zan kashe in cika sauran kayan Street Touring ba. Saboda haka duk wanda ya sayi mota ta hannu, ya ɗaga ta ya leƙa ƙarƙashinta, ya buɗe bonet, ya cire taya ɗaya ya karanta lambobin da ke bayan wili. Gyaran mai motar na farko yanzu a wuyanka yake.

Wani kuskuren kuma shi ne zaton ana haɗa gyare-gyare ne a ɗauki matsakaici. Ba haka ake yi ba. Abu ɗaya mafi nisa da ka yi shi ke yanke maka rukuni, ko da sauran motar ba a taɓa ta ba. Ka cire katalis, ka tsallake Street Touring ke nan. Ka ɗaura turbo a injin da bai zo da shi ba, ko ka cire kujerar baya don rage nauyi, ka tsinci kanka a Street Modified, tsakanin motocin da aka shekara ana ginawa, masu faffaɗar taya mai danƙo. Wanda ya sami kansa a nan yana da mafita uku. Ya kwance abin nan guda ya koma ƙasa, wanda galibi shi ya fi araha kuma shi nake ba da shawara. Ko ya yarda zai kashe kuɗi ya cika rukunin da ya shiga. Ko kuma ya duba azuzuwan da aka buɗe saboda irin waɗannan motoci: CAM ga manyan motocin Amurka irin su Mustang da Camaro, da Xtreme Street ga sauran. Dokokinsu sakakku ne a kan inji da ƙafafu, amma sun tsaya a kan tayar titi.

Maganar taya ta cancanci a zauna a kanta, domin babu abin da ke canza lokacin mota kamar ta. A gefen yawancin tayoyin ƙananan motoci da ake sayarwa a Amurka akwai lambar da ke nuna jimirinta. Street da Street Touring suna buƙatar lambar ta kai 200 ko sama. Tayar tsere irin Hoosier A7 lambarta na ƙasa da haka nesa, kuma ita kaɗai ta isa ta kai ka Street Prepared. Wili ma haka: a Street faɗinsa dole ya zama daidai da na kamfani, girmansa na iya hawa ko sauka da inci ɗaya, shigewarsa ciki ko fitowarsa waje kuma kada ta wuce milimita 7. Wilin kwalliya da ya ɗara faɗi da rabin inci ya fitar da kai. Ga kuma ɗaya gefen, wanda ya fi ba ni tausayi: mutum ya zo da tayar yau da kullum mai lamba 500 ko 600, a ba shi ratar daƙiƙa huɗu ko biyar, ya koma gida yana cewa an sa shi a ajin da ya fi ƙarfinsa. Ajin daidai yake. Waɗanda suka wuce shi suna kan taya mai lamba 200 cif, irin su Bridgestone RE-71RS ko Yokohama A052, kuma sun fi shi daɗewa a kujerar.

Akwai masu cewa, "Ai an duba motata da safe, ba a ce komai ba." Masu dubawar nan lafiya suke dubawa: batir a ɗaure yake, totur yana dawowa, birki yana kamawa, taya ba ta girgiza, hular kwano ta cika ƙa'ida. Aji kuwa amana ce a hannun direba. A manyan gasa, kamar ta ƙasa da ake yi a watan Satumba a Lincoln ta jihar Nebraska tun 2009, inda direbobi fiye da 1,000 ke haɗuwa, bayan an gama gudu ana buɗe bonet abokan takara su zagaya su duba, kuma kowannensu na da damar shigar da ƙorafi a rubuce.

Sai dogaro da tsohon labari. Har zuwa 2013 rukunin farko Stock ake kiransa, kuma an yarda da tayar tsere a cikinsa. A 2014 ne Street ya shigo da nasa sharaɗin taya. Wanda ya ba ka shawara daga abin da ya sani a wancan zamani zai ɓatar da kai da kyakkyawar niyya. Littafin yana fitowa sabo kowace shekara, kyauta a shafin ƙungiyar na intanet, kuma a sashen da ake kira Appendix A aka jera motoci. Ka duba shekara da samfuri da kyau, domin suna ɗaya ba ya nufin aji ɗaya: Miata ta 1999 tana E Street, ta 2016 tana C Street. Haka kuma ba kowace ƙungiya ce ke bin tsarin SCCA ba, wasu ƙungiyoyin masu Porsche da BMW suna da nasu lissafin, sai ka tambayi masu shirya gasar tun kafin ranar.

Game da PAX, ma'aunin da ake ninka lokacin kowa da shi don a gwama azuzuwa daban-daban, shi ma yana hukunta wanda ya hau sama ba shiri. Ajin A na rukunin Modified ne ke da 1.000, sauran suna ƙasa da haka. A matsayin misali kawai, mai daƙiƙa 50 da ma'aunin 0.79 ya tashi da 39.5, mai daƙiƙa 47 da ma'aunin 0.85 ya tashi da 39.95. Na biyun ya fi gudu a fili, amma na farko ne a gaba a takarda.

Idan wannan ce shekararka ta farko, yawancin rassan ƙungiyar suna da ajin sababbin shiga, kuma sukan ba ka gogaggen direba ya zauna a gefenka. Shiga nan. Kafin ka tafi, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke jikin motar wanda ba na kamfani ba, har da faɗin wili da lambar taya, ka miƙa ta ga wani tsohon hannu a wurin rajista, ku bi ta layi-layi tare da littafin a buɗe.