Yadda mai jego za ta dawo da ƙarfin tsokar ƙasan mara bayan ƙari

Macen da aka yi wa ƙari a ɗakin haihuwa takan ɗauka da zarar ɗinki ya kame shi ke nan, alhali warkewar fata daban take da dawowar ƙarfin tsokar da ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura. Rashin ƙarfin wannan tsoka ne ke sa fitsari ya ɗiga idan an yi tari ko atishawa. Wankan jego yana da daɗinsa, amma ruwan zafi ba ya gina tsoka, kuma wanda ya yi zafi ƙwarai yana iya ƙona wurin ɗinkin, saboda haka mai ɗumi ya wadatar.

Atisayen da ake bukata shi ne wanda ake dangantawa da Arnold Kegel, likitan matan Amurka da ya bayyana shi a 1948. Ana iya soma shi a hankali kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa, matuƙar an cire robar fitsari kuma fitsari yana fita yadda ya kamata. Ki kwanta a gefe ɗaya, ki matse dubura kamar kina hana iska fita, sannan ki matse gaba kamar kina riƙe fitsari, ki ja sama. Ki riƙe daƙiƙa 3 a farkon lamari, ki saki gaba ɗaya na tsawon lokacin da kika riƙe, domin sakin yana da muhimmanci kamar matsewar. Kada ki riƙe numfashi ko ki matse cinyoyi, wanda shi ne kuskuren da aka fi yi. A hankali ki kai daƙiƙa 10, sau 10 a jere, ki biyo da matsewa 10 masu sauri, sau 3 a yini. Yin atisayen a lokacin shayarwa ya fi sauƙin tunawa. Kada ki riƙa gwadawa a tsakiyar yin fitsari, domin hakan yana hana mafitsara zazzagewa sosai. Yawanci sai an yi kamar wata 3 ana yi kullum kafin a ga canji na gaske.

A makonnin farko ki guji daka da ɗaukar jarkar ruwa, ki yawaita shan ruwa da cin gwanda da zogale don kada bayan gida ya yi tauri.

Idan an yi arba'in har yanzu akwai ciwo ko ɗigar fitsari, ki nemi a tura ki sashen gashin ƙashi, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi. Zazzaɓi, ko wari, ko ruwan mugunya, ko buɗewar ɗinki ba sa jiran arba'in. Fitsarin da ke zuba dare da rana ba tsayawa kuwa ya wuce batun atisaye, aikin cibiyar yoyon fitsari ta ƙasa da ke Ningi a jihar Bauchi ne.