Darasi na 9: Yadda Ake Zaɓen Gadon Tsalle na Gida

Gadon tsalle shi ne abin da ake kira tiramfolin. Shimfiɗa ce mai ƙwari da aka ɗame a tsakiyar zoben ƙarfe, sifirin ya riƙe ta ta kowane gefe. In mutum ya dira a kanta sai ta lotsa, sifirin ya miƙe, sannan ya koma yadda yake ya cilla mutumin sama. Ita shimfiɗar ba ta talewa kamar roba. Aikin duk na sifirin ne.

Wasu mutum biyu a Jami'ar Iowa ta Amurka, George Nissen da Larry Griswold, su suka ƙera irin na zamani a shekarun 1930. Sunan kuwa daga Sifaniyanci aka aro shi, inda yake nufin katakon da masu iyo ke hawa su yi tsalle su faɗa ruwa. A shekarar 2000 wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Sidni na Ostareliya. To amma wanda 'yan wasa ke hawa daban, na gida daban. Na gida za mu yi magana a kai.

Awo kafin saye

Kada ku fara da tambayar wanne ya fi kyau. Ku fara ɗaukar tef ku auna filinku. Da yawa sai kaya sun iso gida, an kwance kwali, sannan a ga wurin ya yi kaɗan, a rasa yadda za a yi sai a manna shi da bango. Wannan kuskure ne babba.

Ana faɗin girman gadon tsalle da ƙafa: ƙafa 8, 10, 12 ko 14. Ƙafa ɗaya ta ɗan haura santimita 30. Ke nan mai ƙafa 10 faɗinsa kusan mita 3 ne, mai ƙafa 12 kusan mita 3.7, mai ƙafa 14 kusan mita 4.3. Wannan awon daga bakin ƙarfe ne zuwa bakin ƙarfe. Wurin da ake takawa bai kai haka ba, domin sifirin ya ci wani abu a kowane gefe.

Bayan faɗin gadon, ana son a bar fili kamar mita 2 a kewaye, babu bango, babu bishiya, babu ƙarfe ko tulin duwatsu. Mu yi lissafi tare. Gado mai mita 3, ga mita 2 a dama, ga mita 2 a hagu: 3 da 2 da 2 sun zama 7. Fili mai mita 7 ake bukata, tsawo da faɗi. Sannan ku ɗaga kai ku dubi sama. Reshen bishiya, wayar lantarki, igiyar shanya da bakin rufi duk abin gudu ne. Takardun masu ƙera shi sukan nemi sarari kamar mita 7 daga ƙasa zuwa sama.

Ƙasar ta kasance a baje, ba gangare ba, kuma mai laushi kamar ciyawa. Ba a kafa shi a kan siminti.

Siffa da ƙarfe

Mai siffar da'ira shi ya fi dacewa da gida, saboda yana mayar da mai tsalle tsakiya. Mai kusurwa huɗu ya fi cilla mutum sama, shi ya sa 'yan wasa ke son sa, kuma shi ya sa bai dace da sabon hannu ba.

Ku duba ƙarfen. Ana son wanda aka lulluɓe da zinki ciki da waje don kada ya yi tsatsa, tunda a waje zai zauna, rana da ruwa duk a kansa. Ku ɗaga guntu ɗaya ku ji nauyinsa. In ya yi shafal a hannu, siriri ne, zai lanƙwashe. Dogon sifirin ya fi gajere laushin tsalle. Akwai kuma irin da ba shi da sifirin ko kaɗan, wanda wani injiniya a Niyu Zilan mai suna Keith Alexander ya ƙirƙiro. Sanduna masu lanƙwasa ne a ƙarƙashin shimfiɗar, don haka babu inda ƙafa za ta maƙale.

A jikin kwali akwai rubutu biyu da ya kamata ku nema. Na farko, iyakar nauyin da gadon ke ɗauka, a kilo. In babba zai hau, nauyinsa za a duba, ba na yara ba. Na biyu, lambar ma'aunin inganci. A Turai ana rubuta EN 71-14, a Amurka kuma ASTM F381. Ku kwafi waɗannan lambobi a littafinku don ku gane su in kun gan su.

Kayan da ke tafiya da shi

Raga, wadda ke kewaye gadon don hana faɗowa ƙasa, ita ce ta farko. Ni dai a ganina gadon da ba shi da raga bai cika ba. Wadda aka ɗinke ta cikin da'irar sifirin ta fi wadda aka kewaya ta waje, domin tana raba mai tsalle da ƙarfe gaba ɗaya. Ku gwada zif ɗin ƙofar, ku tabbata sandunan da ke riƙe da ragar an naɗe su da soso. Rana tana cin raga a hankali har ta ruɓe, ko da ido bai gani ba. Lokaci lokaci ku ja ta da hannu. In ta fara yagewa, a sake wata.

Sai soson da ke rufe sifirin da zoben ƙarfe. Ya zama mai kauri, ya rufe ko'ina, a kuma ɗaure shi sosai. Sai turaku da ake kafewa a ƙasa a ɗaure ƙafafun gadon. Kada ku raina su. Iska mai ƙarfi tana ɗaga gadon tsalle sukutum ta tsallake katanga da shi. Murfi yana kare shimfiɗa daga rana da ganye, amma kada a bar ruwa ya kwanta a kai. Ƙugiyar jan sifirin kuwa ƙaramar aba ce, ita ke hana yatsa matsewa ranar haɗawa.

Tsani yana da amfani, yana kuma da illa. Da shi ne ƙaramin yaro ke hawa lokacin da ba kowa a wurin. In an gama wasa, a cire shi a ɓoye.

Maganar da mai saye ya kamata ya ji

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2012 cewa gara ma kada a ajiye gadon tsalle a gida don wasa. Ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na raunukan da ake samu suna faruwa ne lokacin da fiye da mutum ɗaya ke kai. Kun ga ke nan raga ba ta magance dukan matsalar ba, domin yawancin raunin a kan shimfiɗar yake faruwa, ba a faɗowa ƙasa ba.

Ga yadda abin yake. Babban yaro ya dira, shimfiɗa ta lotsa ƙwarai, sifirin ya miƙe. Daidai lokacin da take dawowa sama da ƙarfi, ƙaramin yana saukowa. Sai ƙaramin ya yi karo da shimfiɗar, kamar ya dira a kan dandamali. Ta haka ƙashin ƙafa ke karyewa ƙasa da gwiwa. Shi ya sa doka ita ce mutum ɗaya a lokaci ɗaya, ko da faɗin gadon ya kai ƙafa 14. Yaron da bai kai shekara 6 ba kada ya hau. Alkafura haramiya ce a gida, don in aka sauka da wuya ana iya shanyewa har abada. A cire takalmi, a zazzage aljihu, kada a hau in shimfiɗa ta jiƙe, kada kowa ya shiga ƙarƙashi. Kuma babba ya tsaya yana kallo, ba ya zauna a ɗaki yana jin ihunsu ba.

In kun san ba mai lokacin tsayawa, ko kun san yaran ba za su bi layi ba, to a dakata da sayen tukuna.

Aikin gida

Ku auna tsawo da faɗin filin da kuke da shi, ku rubuta a mita. Sannan ku lissafa filin da gado mai ƙafa 12 yake bukata in an bar mita 2 a kowane gefe. Ku kwatanta lambobin biyu, ku zo da amsa a darasi mai zuwa.