Ina ake samun Ventoy na asali?

Toh in kana so filashi ɗaya ya ɗauki Windows da Ubuntu (shi ma tsarin tafiyar da kwamfuta ne kamar Windows) a tare, manhajar Ventoy za ka nema, kyauta ce, kuma ventoy.net ko shafinsu na GitHub kawai za ka shiga. Don Allah ka rabu da shafukan nan masu koren maɓalli har uku kowanne na cewa danna ni, can ake kwaso bairos. Fayil ɗin ISO, wato kwafin Windows ko Ubuntu da za ka zuba a filashin, shi ma haka, na Windows a wajen Microsoft, na Ubuntu a ubuntu.com, in ya gama sauka ka gwada lambar SHA256 ɗinsa (dogon jerin haruffa da lambobi mai nuna ba a taɓa fayil ɗin ba) da wadda suka rubuta a shafinsu, in harafi ɗaya ya saɓa goge shi kawai. Kafin ka saka Ventoy kwashe kayanka, don kaf zai share filashin.