Kurakuran da aka fi yi wajen nazarin ƙasusuwan mutanen farko

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a dubi siffar ƙashi a yanke masa shekaru. Homo naledi, wani jinsin mutanen farko, ya isa misali. A 2013 aka gano shi a kogon Rising Star da ke Afirka ta Kudu, aka kwaso gutsattsarin ƙashi sama da 1,500 na mutum aƙalla 15. Ƙwaƙwalwarsa ba ta kai rabin tamu ba, yatsun hannunsa kuma a lanƙwashe suke irin na mai hawan bishiya, sai wasu suka ɗauka ya kai shekara miliyan 2. Da sakamakon awo ya fito a 2017, sai ga shi tsakanin shekara 236,000 da 335,000. Gyaran shi ne kada a ambaci shekaru sai an auna ƙasar da ƙashin yake kwance a ciki.

Wajen awon ma ana tafka kuskure. Mutane da yawa na zaton kabon-14, sinadarin da ke raguwa a hankali a jikin abin da ya mutu, ke yin komai. Rabinsa na ƙarewa duk shekara 5,730, don haka bayan kimanin shekara 50,000 abin da ya rage bai isa a auna ba. A Gabashin Afirka tokar aman wuta ake nema, wadda ke saman ƙashin da wadda ke ƙasansa, a auna iskar argon da ke cikinta. Ta haka aka san Lucy, ƙwarangwal ɗin wata daga mutanen farko da aka tono a Hadar ta Habasha a 1974, ta kai shekara miliyan 3.2. A kogon da babu toka kuwa, yuraniyom ɗin da ke cikin ɓawon farar ƙasa da ruwa ya shimfiɗa ake aunawa, a haɗa da haƙora.

Ita ma tokar tana yaudara. Wata shimfiɗa a Koobi Fora ta Kenya an fara ba ta shekara miliyan 2.6, domin tsofaffin ƙwayoyin dutse sun cakuɗa da samfurin. Haƙoran aladun daji da ke wurin ne suka ƙi dacewa da wannan adadi, aka yi ta gardama har aka sake awo aka samu kusan miliyan 1.9. Yanzu ƙwaya ɗaya-ɗaya ake narkarwa da lesa, duk wadda ta fita daban a ware ta.

A fili, babu ɓarnar da ta kai a ga ƙashi a ɗauke shi nan take. Ruwan sama kan gangaro da shi daga wata shimfiɗa zuwa wata, in ba a bi sawunsa ba an rasa asalinsa ke nan. A kafa tuta, a ɗauki hoto da ma'auni a gefensa, a rubuta wuri da zurfi, sannan a tace ƙasar kewaye da rariya. Mai rugurgujewa a shafa masa gam ɗin Paraloid B-72 da aka narkar a ruwan sinadarin asiton, don ana iya wanke shi daga baya.

Haƙori guda ba ya isa a raɗa wa jinsi suna: wanda aka yi shelarsa daga Nebraska ta Amurka a 1922 a matsayin na sabon jinsin biri mai kama da mutum, na wani dangin alade ne da ya ƙare a duniya.

Haka nan ganin kayan aikin dutse kusa da ƙoƙon kai bai nuna mai ƙoƙon ne ya sassaƙa su ba. A Olduvai ta Tanzaniya, a 1959, an jingina su ga jinsin Paranthropus boisei, sai ga ƙasusuwan wani jinsin daban, Homo habilis, sun fito a shekarar da ta biyo, 'yar tazara daga wurin.