Kurakuran Masu Wanke Fim da Magani Mai Rini Don Buga Hoto da Hasken UV

Wanda ya fara wanke fim da pyro, wato maganin wanki mai rina fim, abin da zai fara ba shi tsoro shi ne launin. Ya saba ganin negatif baƙi da toka-toka, sai ga nasa ya fito ruwan ɗorawa mai sirkin kore, ko ruwan ƙasa. Ba lalacewa ya yi ba. Sinadarin pyrogallol, ko ɗan'uwansa catechol, yana rina jelatin ɗin fim daidai inda azurfa ta taru: inda ta yi kauri rinin ya yi kauri, inda ta yi ƙaranci shi ma ya ragu. Wannan rini yana tare hasken UV fiye da yadda yake tare hasken da ido ke gani, kuma da UV ake buga hoton falatinam da faladiyam da sayanotayif da kalitayif, wato hanyoyin da ake shafa wa takarda magani a ɗora negatif a kanta a haska. Daga nan yawancin kurakuran suke tasowa.

Babban cikinsu shi ne yanke wa negatif hukunci da ido. Ka ɗaga shi sama ka duba, ka ga kamar bai nuna ba, sararin sama a hoton ba shi da kauri, sai ka ce gobe zan ƙara minti huɗu a wanki. Ka ƙara, ya yi maka kyau a ido, amma da ka ɗora shi a kan takardar faladiyam sai farar rigar da ke cikin hoton ta fito fat, babu ko alamar zare, komai daɗewar da ta yi a ƙarƙashin fitila. Ido bai ga abin da takarda ta gani ba. Na'urar auna kaurin negatif ma tana yaudara idan da farin haske take aunawa, domin adadin da za ta ba ka ya gaza na gaskiya. Wadda take da ma'aunin UV ce ke faɗin daidai. In ba ka da ita, babu komai. Ɗauki hoto ɗaya sau uku, wanke kowanne da lokaci daban, ka buga su gefe da gefe a kan takarda guda da ka shafa wa maganin bugun da za ka yi aiki da shi. Takardar ce za ta raba gardama. Ni dai ban taɓa samun hanyar da ta fi wannan ba.

Sai rashin bambance rini biyu. Akwai wanda ke bin hoto, shi ake nema. Akwai kuma wanda ke rufe fim ɗin gaba ɗaya har gefen da haske bai taɓa ba. Na biyun ba ya ƙara wa hoto komai sai tsawon jira: bugun minti goma ya koma na ashirin ko fiye. Duba bakin fim ɗin; idan ya yi launi sosai, akwai gyara. Iska ce ke jawo shi galibi. Maganin wankin yana zuwa kashi biyu, ruwan A da ruwan B, kuma yana fara mutuwa da zarar an haɗa su, don haka kada ka haɗa ka ajiye ka tafi loda fim. Loda tukuna, haɗa, zuba nan take, kuma sau ɗaya ake amfani da shi. Tsoma fim cikin tsohon maganin bayan fiksa (maganin da ke cire ragowar sinadarin azurfar da haske bai taɓa ba), wanda aka daɗe ana koyarwa, irin wannan rinin yake ƙarawa. Mai bugu da UV ya bar shi.

Zaɓin maganin ma yana da nasa. PMK, wanda Gordon Hutchings ya yaɗa da littafinsa na 1991, ana haɗa shi 1:2:100, wato kashi ɗaya na A, biyu na B, ɗari na ruwa, kuma yana son a riƙa girgiza tanki duk bayan daƙiƙa 15. Ka yi sakaci ka ga zane-zane a sararin sama. A cikin ganga mai juyawa ta wanke fim kuwa iska tana dukansa da yawa. Pyrocat-HD na Sandy King, mai catechol, ya fi jure ganga, bakin fim ɗinsa ya fi tsabta, rininsa mai ruwan ƙasa kuma yana tare UV sosai. Da yawa suna tsayawa a 1:1:100, alhali faladiyam yana son negatif mai tazara babba tsakanin duhu da haske. 2:2:100 ya fi kai ka can ba tare da wanki mai tsawon gaske ba. Sayanotayif na gargajiya ba ya buƙatar wannan tazarar, saboda haka kada ka yi musu wanki iri ɗaya.

Asid mai ƙarfi yana iya rage rinin. Don haka tsayar da wanki da ruwa zalla maimakon ruwan asid, ka yi amfani da fiksa marar asid irin TF-4.

Akwai kuma kuskuren da ba na wanki ba ne. Wasu fina-finan, kamar T-Max 100, jikinsu da kansa yana tare UV, ta yadda bugu zai ɗauki lokaci mai tsawo ko da wankin ya yi daidai. Kafin ka sayi kwali guda, gwada falle ɗaya: saka shi a fiksa ba tare da ka ɗauki komai ba, ka rufe rabin takarda da shi, ka haska.

Abin da ya fi damuna shi ne ganin mutum yana juya fim a tire da hannu tsirara. Pyrogallol guba ne, yana shiga ta fata, catechol ma haka. Sa safar hannu ta nitrile duk lokacin da za ka taɓa ruwan. Garinsa ya fi haɗari, domin yana tashi ya shiga hanci; in dole ka auna shi da kanka, yi a inda iska ke wucewa, da takunkumi da tabarau. Wanda bai saba ba, ya sayi haɗaɗɗen ruwan kawai. Wanda aka narkar a sinadarin glycol maimakon ruwa ya fi daɗewa a kwalba bai lalace ba.