Babi na 6: Karanta tambarin Sudan da hatimin mahaliyya, wato ƙaramar hukuma

Toh iyayena da yayyena, kowa ya fito da takardar hukuma da yake da ita a gida, ko ta gona ko rasidin kasuwa, kar wanda ya ji kunya dan tasa ta tsufa ko ta sha maiƙo.

Darasi na 1

A shimfiɗa takardar a kan cinya, kan tsuntsun da ke jikinta ya kalli sama. Tsuntsun nan shi ne tambarin Sudan, da Larabci sakar al-jidyan, mai dogayen ƙafafu ne kuma a ƙasa yake farauta, tattake maciji yake har ya mutu. A ƙirjinsa akwai garkuwa irin ta zamanin Mahadin Sudan, Muhammad Ahmad. Bayan samun 'yanci a 1956 karkanda ne a tambarin, a 1970 zamanin shugaban ƙasa Numairi aka kawo tsuntsun, saboda haka in kun ga karkanda a tsohuwar takardar kaka ba jabu ba ce. Rubutun sama An-nasru lana, wato nasara tamu ce, na ƙasa kuma Jumhuriyyatus Sudan, sunan ƙasa kenan.

Darasi na 2

Nan ne ake tuntuɓe, dan Allah a nutsu. Tsuntsun ba ya gaya maka daga wane ofis takarda ta fito, ofisoshi da yawa shi suke sawa, rubutun da ya kewaye hatimin shi ne mai magana. A ɗora yatsa a kan rubutun, a fara daga dama kamar karatun allo, in rubutun ya lanƙwasa sai a juya takardar a hankali ba wai a karkata wuya ba. A nemi kalmar wilaya, da wawu take farawa, abin da ya biyo ta sunan jiha ne, misali Sinnar ko Gadarif. Sannan a nemi mahaliyya, da mim take farawa, abin da ya biyo ta shi ne sunan ƙaramar hukumar.

A sake. Yatsa a dama, wilaya, sunanta, mahaliyya, sunanta. Inna, ba komai in tawada ta dushe, a kai takardar bakin ƙofa wajen haske a sake farawa daga dama. Madalla, kin ga mim ɗin kenan, yanzu abin da ke bayan kalmar muke so. A sake dai, daga dama, ba daga hagu ba, hagu na boko ne.

Baba, da girmanka amma sai na faɗa, ba cewa na yi ka nuna min tsuntsu ba, kowa ya ga tsuntsu har jikanka, sunan mahaliyya na ce ka karanto. Haba jama'a, mutum ya biya kuɗin mota ya je ofis a ce masa ba nan ba ne, duk dan ƙyuyar ɗora yatsa! Dama, wilaya, mahaliyya, suna. A sake.

Darasi na 3

Tutar Sudan kala huɗu ce, ja da fari da baƙi, sai kore a gefen sanda, ita ma 1970 aka fara amfani da ita. A zana a littafi.

Darasi na 4

A kwafi sunan mahaliyyarku sau goma, a kawo ranar Asabar.